Tayoyi Masu Fure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata, wadda kakanninta suke kira 'Yar Giginya.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki, da fatan kun tashi lafiya. Allah ya sa takardar nan ta same ki a zaune, don tana da tsawo. Kin san ubanki bai iya gajerar hanya ba, ko a mota ko a magana.

Tun ina sabon direba na ji wata jita-jita a bakin gadar Malanbil. Muna zaune a inuwar wata kamiyo, babbar motar kaya, da ta taso daga Kwatano, muna shan shayi, muna jiran 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito, su idar da salla, sai direbanta ya ce wai akwai wata ƙasa can bayan teku inda ruwan sama ke saukowa kamar auduga. Ya kwanta a hanya fari fat, ba ya gudu, ba ya ƙara. Mutanen can, in ji shi, suna canja wa mota taya kamar yadda muke canja riga, ta sanyi daban, ta zafi daban. Ta sanyin akwai ɗan fure a gefenta. In ta tsufa sai su loda ta a jirgin ruwa su aiko mana. Kuma wai ita wannan taya ba ta mantawa da garinsu. In ta ji zafin ranar garinmu Gaya sai jikinta ya saki, ta yi ta zubar da kanta a hanya kaɗan-kaɗan har ta mutu.

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Ni da na tashi a ɗakin kakata, wadda ke iya sa kada ya yi limanci a tatsuniya har ki ji kina son bin sahu, ai na san ƙarya mai daɗi in na ji ta. Na ce masa roba roba ce, ba ta da gari. Bayansa mutane da yawa sun sake gaya mini maganar nan. Wanda ya gaya mini na ƙarshe, zan faɗa miki in mun kai can.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki biro. Jibi za ki tafi likitar ƙauyen da aka tura ki aikin ungozoma, can arewa inda kwalta ta ƙare, kuma da Gwaggo za ki tafi. Na ba ki ita da zuciya ɗaya. Ke ce kika raɗa mata sunan, saboda gunagunin da injinta na gazuwal ke yi da safe kafin ta yarda ta motsa. Doguwar mota ce mai faɗin baya, mace na iya miƙewa a ciki a kwance, kuma kat-kat ce, ƙafafunta huɗu duka suna turawa. Ta fi dacewa da ke a kaina, ni da yanzu iyakacin tafiyata masallaci da fadama.

To, shekaranjiya mijinki Musa ya sauko daga Yamai da tayoyi biyu a saman bas. Na san wahalar da ya sha. Tunda sojoji suka hau aka rufe gada, taya ta zama abin nema da fitila. Ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, ga 'yan ƙafafu na samo wa motar, a sa a gaba." Na ce Allah ya yi albarka, na dubi tabarma. Da hantsi da kuka fita na zagaya na tsuguna. Baƙaƙe ne, zanensu da zurfi, kyawawa. A gefen kowace akwai hoton dutse mai kai uku, a cikin dutsen ga ɗan fure.

Ba zan iya gaya wa Musa ba, suruki ba ya kushe kyautar suruki. Ke kuma ba zan iya zaunar da ke ba. Ke ce ta fari. Tunda aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, in kin shigo nakan nemi wani abin dubawa. Haka muka tarar, haka muka yi. Amma takarda ba ta da ido, sai na ce bari in bar ta ta yi rashin kunyar a madadina.

Bari in fara da ƙaramar wautata. Lokacin da na sayi motata ta farko mai ƙafa huɗu, na ga tayoyin motocin soja, masu manyan haƙora, raina ya biya. Na je wurin Dari, ɗan kawuna mai sayar da taya a hanyar Kamba, wanda kika sani, na ce irinsu nake so. Ya dube ni ya ce, "Kai bawana, yaƙi za ka ko Doso?" Na ce ya sa mini ya bar surutu. Ya sa. Ranar da na shigo unguwa yara suka bi ni da gudu, na ji kamar an naɗa ni. Sai da na hau kwalta na gane abin da na saya. Motar ta riƙa kuka kamar injin niƙa, fasinja ba ya jin na kusa da shi, gazuwal kuwa kamar ana zubarwa a rami. Wata tsohuwa da na ɗauko daga Bana ta sauka tana sosa kunne, ta ce, "Ɗana, in ka kai gida ka ba motar nan haƙuri, ko mi ka yi mata."

Don haka kada ki zaɓi taya don idon mutane. Ki dubi hanyarki. Taki rabi kwalta ce, rabi jar ƙasa mai tsakuwa, sai rairayi a bakin gulbi, sai laka da damina. Ki nemi mai matsakaicin haƙori, mai kaurin gefe, don tsakuwa da kututturen ƙaya a gefe suke yanka. Injin gazuwal kuma nauyi gare shi, yana zaune a kan ƙafafun gaba kamar mai gari a kan buzu. Ga shi mace mai naƙuda ba ta shiga mota ita kaɗai, sai da uwarta da innarta da tukunya da buhu. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda da ta faɗi lambar taya da nauyin da za ta ɗauka. Kada ki yarda da abin da ya gaza wannan.

Wauta ta biyu ta fi tsada. Wata shekara tayoyina na gaba suka ƙare, na baya da sauransu. Na ce me zai sa in sayi huɗu alhali biyu ne suka mutu? Na sa sababbi biyu, wani iri daban, suka ɗan fi na baya tsayi, ɗan abin da ido ba ya gani. Ina jigilar rake daga Bengu a lokacin. Bayan ɗan zama sai na fara jin wani amo a ƙarƙashin kujera, siriri, mai daɗi ma, kamar ƙudan zuma sun yi gida. Wallahi har na tsaya na leƙa ko zan ga saƙa. Na saba da shi, in hanya ta miƙe nakan bi shi da 'yar waƙa. Ina cikin wannan waƙar wata rana, rake cike da baya, na ji ƙas, kamar an karya ƙashi a cikin miya. Motar ta tsaya, ta yi wari.

Ashe ita mota kat-kat akwai wani ƙarfe a cikinta mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In ƙafafun ba su daidaita ba, gajerun sai sun ƙara sauri kafin su cim ma dogayen, shi kuma yana tsakiya yana rabon faɗa, daga safe har yamma, har ya yi zafi ya fashe. Kin taɓa ganin an haɗa dogon sa da gajere a garma ɗaya, ai kin ga yadda kunya ke karkacewa. Motar nan ta yi rani guda a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Kaji suka riƙa ƙwai a kujerar baya. Dari in ya zo wucewa sai ya yi sallama ya ce, "Ina mai gidan kaji? A ba ni na dafawa." Alhali shi ya sayar mini da tayoyin, kuma shi ma a lokacin bai san haka abin yake ba. Tare muka koya, ni na biya.

Saboda haka Gwaggo ba a yi mata biyu-biyu. Huɗu ake sa mata rana ɗaya, iri ɗaya, lamba ɗaya, zane ɗaya, cinyewarsu ɗaya. Ta biyar ɗin da ke baya ma ta zama 'yar ɗakinsu. In kina shakka, ki ɗauki igiya ki zagaya kowace ki ƙulla, igiyar za ta gaya miki gaskiya. In kuma dole ta sa kika sayi ta hannu, ki shafa cikin zanen da yatsa. Akwai masu sassaƙa tsohuwar taya da wuƙa su shafe ta da baƙin takalmi, ta fito kamar amarya. A gefe za ki ga lambobi huɗu a cikin ɗan zobe, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta ce. Ke da kika yi lakwal, kika iya boko, za ki fi ni saurin gani. Iska kuwa da sanyin safiya ake aunawa. In kin rage don rairayi, ki mayar kafin ki hau kwalta, taya mai yunwar iska ita ce ke fara zafi.

Yanzu sai babbar. Kin san a gindin giginya aka haife ki, kowa ya gaya miki. Ba a gaya miki abin da ya kai mu gindin giginyar ba.

A shekarar da na auri uwarki, kakanki Malam Gado na Yelu ya sayar da gishirinsa, ya haye Malanbil, ya dawo da tayoyi huɗu a kan amalanke, kyauta ga mijin ɗiyarsa. Ban taɓa ganin taya mai kyan nan ba. Jikinta duk ƙananan tsaga ne, siri-siri, kamar tsagen fuskar wata ƙabila da ban sani ba. A gefe ga fure. A lokacin furen ne kaɗai, ba a fara zana dutsen ba. Na tuna direban kamiyon nan. Na faki ido na danna farce, ya shige kamar a tuwo mai ɗumi. Amma tsoho yana tsaye yana murmushi, mutane sun taru suna sa albarka. Na ce na gode, Baba. Na sa su.

Da damina da lokacin sanyi suka yi mini tafiyar da ban taɓa ji ba. Shiru kamar kyanwa. Nakan bi bakin Kwara da sassafe, hazo na tashi daga ruwa, masunta na tsaye a jiragensu kamar ba su taɓa komai ba, in ji kamar motar ma a kan ruwa take. Nakan yi tunanin wanda ya fara hawansu a can ƙasarsu. Ban san dalili ba, kullum mace nake gani, tsohuwa, da hula har kunne, tana tuƙi a cikin farin nan tana zuwa gaida ɗiyarta. Har na riƙa jin kamar mun saba da ita. Na ce wa kaina, ka gani, ƙarya ce, ga su nan lafiya lau.

Sai bazara ta zo. A lokacin ma sojoji ke mulki, kin ga a hannunsu kika zo, a hannunsu za ki bar gida. Cikin uwarki ya tsufa, kuma haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, ya kamata tun tuni in kai ta Yelu. Na yi ta jinkiri, yau lodin albasa, gobe lodin albasa. Ban tsuguna na dubi tayoyin ba. Da na duba da na ga zanen ya gudu, sun yi sumul kamar tafin hannu. Ranar da muka tashi ma ba mu fita da wuri ba, sai da aka ɗora itacen wankan jego, da babbar tukunya, da gero, da innarta. Muka tsaya a shingen soja aka duba takardu. Kafin mu shiga dajin giginya rana ta take, ƙasa na rawa a gabanmu.

Na ji ƙara kamar an buga bindiga a cikin tulu. Ta gaba ta hagu ce, fatarta ta ɓare gaba ɗaya. Sitiyari ya ƙwace, muka sauka hanya, muka yi ta tafiya a cikin rairayi a hankali kamar mafarki, har motar ta je ta jingina da wani suri. Ba wanda ya ji rauni. Amma uwarki ta riƙe ciki ta dubi innarta, innarta ta dube ni. Tayar ajiya kuwa da na ciro, babu iska ko ta hura wuta.

Allah ya kawo wasu mata daga Foga da jakunansu da gishiri. Ba su tambayi komai ba, suka kwance zannuwa suka kewaye gindin wata giginya. Babbarsu ta ce mini, "Direba, je ka yi jinyar tayarka, nan ba wurinka ba ne." Na koma na zauna na ba su baya. Na ɗauko fatar tayar da ta ɓare, tana da zafi, tana da laushi, tana manne wa hannu. Ga furen nan a gefen abin da ya saura, bai ko goge ba. Iska ta taso, ganyen giginya ya riƙa kaɗawa kamar ruwa na sauka, alhali sama babu ko gajimare. Na rufe ido. Sai na ga farin ruwan nan da direban ya faɗa yana saukowa a kan giginyu, a kan jakuna, a kan gishiri, ba ƙara, ga tsohuwar nan mai hula tana tsaye tana dubana. Ban san iyakar zaman da na yi ba. Kukanki ne ya dawo da ni.

Ke kin zo lafiya. Uwarki ce ta zubar da jini mai yawa. A amalanken shanu aka ƙarasa da ku Yelu, ina biye a ƙasa, kuma ta daɗe ba ta miƙe ba. Har ta koma ga Allah a daminar bara, in hadari ya haɗu takan ce bayanta na tuna mata da giginya.

To, ɗiyata, matan da za ki riƙa ɗaukowa daga ƙauyuka zuwa babbar likita, kowace uwarki ce a ranar nan. Da tsakar rana za a kira ki, a bazara, a hanyar da ta fi ta Yelu muni. Ba kullum masu gishiri ke wucewa ba. Tayoyin Musa biyu ne, ga su masu fure. Kin ga wautata biyu ya haɗo mini a saman bas, da kyakkyawar zuciya, kamar yadda Malam Gado ya yi.

Ga abin da na shirya. Akwai tayoyi biyar a rumfar Dari, 'yan ƙasar zafi, iri ɗaya. A kwale-kwale aka haye da su, shi da kansa ya je bakin ruwa ya tarbe su, ya dawo wando a jiƙe yana zagina. Mun daidaita da shi zan biya da raken fadama, kada ki tambaye shi, zai ƙara gishiri. Jibi in kin fito, kafin ki ɗauki hanyar Doso, ki karkata wurinsa. Zai ce miki, "Ɗiyar bawana, kin zo karɓar sadaka?" Ki ce masa eh, ki zauna ki sha ruwa har ya gama.

Na Musa kuwa ba za a yar ba. Amalankenmu na bukatar ƙafafu, kuma tafiyar shanu ba ta dafa roba. Za su yi shekaru suna kai rake kasuwa cikin mutunci, kowa ya tambaya in ce surukina ya kawo mini daga Yamai. Abin da za ki gaya masa, ke kika san mijinki. In kin ga zai ɗauka, ki gaya masa gaskiya a ɗaki, mace na iya faɗin abin da suruki ba ya iyawa. In kin ga zai ji nauyi, ki ce tsohon ne ya yi kwaɗayinsu. Na yarda a yi mini dariya. Abin da ban yarda ba shi ne ki wuce rumfar nan don kunyarsa ko tawa.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki sauka a hannun mutanen kirki. Allah ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da na hanya da na rana. Ya sa duk wadda ta shiga bayan Gwaggo ita ɗaya ta fito su biyu, suna numfashi. Ya yi wa Musa albarka, ya buɗa masa kasuwa. In an buɗe gada wata rana, ki zo ki kai ni in ga ruwan Kwara daga sama. Ki gaida mai garin da za ki, ko da ban san shi ba.

Saura alkawarin da na yi miki a farko. A daminar bara, ana saura kwanaki kaɗan ta koma ga Allah, tana kwance a tabarma a rumfa bayan la'asar, na tayar da Gwaggo don kada batir ya mutu. Ta saurari gunagunin, ta yi murmushi, ta yafito ni. Ta ce, "Malam, ranar da Baba ya kawo tayoyin nan ina leƙe ta zana. Na ga ka sa farce, na ga fuskarka, na ga ka yi shiru. Ni ma na yi shiru, don ubana ne." Na zauna a gefen tabarmar. Ta ce, "Masu furen nan ba 'yan ƙasar nan ba ne, kewar gida ke kashe su. Motar nan wata rana ta yarinyar ce. Ka duba mata ƙafafu. Kada ka yi wa Balkisa shiru."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar, kuma ga shi yau ya fita ta hannuna. Ita ce ta gaya mini ta ƙarshe: Hajara ɗiyar Malam Gado, uwarki.